Kunnen Yaya da Albam Na Ɗaya

Sana'ata tura waƙa ce. Ina da ɗan shago a Funtua kusa da tasha, teburi ɗaya, kwamfuta ɗaya, sai benci wanda masu jiran caji suka cinye wa fenti da zama. Mutum ya kawo waya ko memori, in zuba masa waƙoƙi ko finafinai ko karatu, ya kama gabansa. Duk wanda ya shigo yana ɗauka ni masanin waƙa ne, tunda ta hannuna take bi. Ni kuwa na san matsayina. A gidanmu masani ɗaya ne, shi ne yayana, kuma tun ina yaro bai taɓa bari na manta da haka ba.

Yaya yana gida, a ƙauyenmu da ke bayan Ƙarfi. Manomi ne, amma an fi saninsa da injin casar masara. Da kaka ta yi sai ya ɗaure injin a amalanken shanu, ya bi masussuka-masussuka har wajejen Dayi, tun safe har rana ta faɗi yana tsaye a gindin ƙarar nan. Wanda bai taɓa tsayawa kusa da injin casa ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Ƙara ce mai shiga har cikin haƙori. Maganin da Yaya ya samo mata shi ne ya cusa iyafis a kunnuwansa, ya ƙure sautin waya, waƙa da inji su yi ta kokawa a cikin kansa. Na sha yi masa magana a kan haka. Amsarsa kullum ɗaya ce, wai yaushe ma aka haife ni.

Muna da wata al'ada ta ƙarshen shekara, wadda ta faro tun zamanin kaset. Yaya ba ya casar gidanmu sai ya gama ta mutane, saboda haka tamu ce ta ƙarshe. Ranar da aka ɗinke buhun ƙarshe, bayan la'asar, sai a share masussuka, a shimfiɗa buhu a ƙasa, ya jera totuwa biyar a kai. Kowace totuwa tana tsaye ne a madadin albam ɗaya daga cikin waɗanda suka fito a shekarar. Sai ya ɗauki ta biyar, ya faɗi laifin albam ɗin da abin da ya hana shi wuce nan, ya wurgar da ita bayansa. Haka zai yi ta yi har saura ɗaya. Wanda totuwarsa ta rage shi ya ci shekara, sai a karɓi memorin Yaya a sa a babbar sifika, kowa ya ji abin da alƙali ya yi kaka guda yana ji shi kaɗai. Leburori na nan, matan shiƙa na nan, maƙwabta na leƙowa. Babu kyauta, mawaƙan ma ba su san ana yi ba. Amma ka zo ka ga yadda ake kumfar baki, sai ka rantse gado ake rabawa.

Nawa aikin shi ne in aika da albam-albam ɗin kafin a fara casa. Yaya bai yarda a tara masa su wuri ɗaya ba. Albam ɗaya, memori ɗaya, kamar yadda kaset yake, ya zuba su cikin kwalin ashana a aljihun gaba. Na ce masa memori guda zai ɗauke su duka har da canji. Ya ce in ajiye wannan wayon ga 'yan birni.

Kuma duk shekara sai ya kira ni ya zage ni. Wannan ma ya shiga cikin al'adar. Akwai shekarar da ya kira don waƙa ɗaya ta yanke a wutsiya, abin da bai fi numfashi guda ba. Akwai wadda ya ce na turo masa gurɓataccen kwafi, na yi ta musu har da rantsuwa, da na koma na saurara da kyau sai na tarar akwai wani ɗan tsiri-tsiri can ƙasa. Mutum ne da yake zaune a zaure zai ce maka bel ɗin inji ya saki, alhali injin yana bayan gari. Na yi ta jin haushin kunnen nan nasa, amma ko a cikin haushin ina alfahari da shi.

A shekarar da nake ba da labari, kuskure na yi irin na masu sana'armu. Akwai wani mawaƙi da Yaya yake bi tun waƙarsa ta farko, mu dai mutumin Yaya muke ce masa. Albam ɗinsa na shekarar ya zo mini kashi biyu. Akwai cikakke, akwai kuma kiɗa zalla wanda aka cire wa murya, irin wanda masu sa kiɗa a biki da yara masu sha'awar zama mawaƙa suke saya su ɗora nasu a kai. Wajen sa wa folda suna na juya su. Ban gane da wuri ba, domin yawancin masu zuwa shago zaɓaɓɓun waƙoƙi suke so, ba kasafai ake neman albam sukutum ba. Sai da casa ta yi nisa wani ɗan acaɓa ya nema, na tura masa, kafin azahar ya dawo yana huci.

"Malam, ina mai waƙar? Ko shi ma sai an biya kuɗinshi daban?"

Na saurara, na ga gaskiyarsa, na gyara masa. Yana fita na tuna daga wannan foldar na kwafa wa Yaya.

Dariya na fara yi. Na ce yau na shiga uku, bana zagin har da na ƙari. Har na soma shirya abin da zan kare kaina da shi. Ina cikin dariyar sai ta yanke. Tun masara ba ta gama bushewa ba na ba direban motar Malumfashi memorin nan ya kai. Yanzu ga shi har sababbin buhuna sun cika kasuwa. Mutumin da ke kira saboda numfashi guda, an cire masa mawaƙi ɗungurungum daga albam, kuma na mutuminsa, bai ce uffan ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Na kira shi, bai ɗaga ba. Na sake kira da yamma, shiru. Can sai ga saƙo, wai yana aiki. Wannan ma ya ƙara tayar mini da hankali, don Yaya ya tsani rubutu a waya, yana cewa aikin waɗanda ba su da baki ne. Da na duba sai na ga ashe tun damina da saƙo yake amsa mini, ni ne ban lura ba. Sai ranar Juma'a na same shi, ranar da ba ya tayar da inji da safe. Ya ɗaga yana magana da ƙarfi kamar mai kiran wanda ke tsallaken rafi. Muka gaisa. Na ce, "Yaya, ya ka ji na mutumin naka?"

"Kowa lafiya. Inna ma ta ji sauƙin ƙafar."

Na ɗaga murya na maimaita, har mai sayar da katin waya na gefena ya waiwayo. Sa'an nan Yaya ya ce, "Ya yi. Ai muryar nan tashi sai shi."

Na ce to. Na ajiye wayar, na zauna a bencin masu caji.

Mai hankali zai ce me ya hana ni aika masa da na gaskiyar a motar gobe, a wuce wurin. Na kwafa, na sa a aljihu, har tasha na je na dawo da shi. In na aika, dole in faɗi dalili, in kuma na faɗi dalili na ce masa ke nan na kama shi yana yabon muryar da babu. Ta waya ba a yi wa babba haka. Sai na koma lallashin kaina. Na ce wataƙila bai saurara ba tukuna, kunya ta sa ya yaba. Na ce wataƙila ya gane sarai, ajiye ni ya yi sai ranar totuwa ya tsire ni a gaban jama'a, don Yaya ya iya irin wannan. Wannan zaton na riƙe da hannu biyu. Ban taɓa roƙon Allah a wulaƙanta ni a gaban mutane ba sai a wannan kakar. In na zauna cin abinci sai in tuna yadda yake tura zangarniya a bakin injin nan, hannunsa kusa da haƙoran ƙarfe, in wani ya yi ihu a tsaya bai ji ba fa? Sai in ture kwanon.

Da aka aiko cewa an shiga casar gida, na rufe shago na hau mota zuwa Malumfashi, daga nan na hau acaɓa. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince wake. Inna tana kunyar Yaya, ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa, ba ta kuma yarda a ga ta damu da lamarinsa. Na san da haka, amma ba ni da wanda zan tambaya in ba ita ba. Bayan mun gaisa na ce, "Inna, Yaya kuwa lafiyarshi?"

"Ga matarshi can, ka tambaye ta."

"Ke nike tambaya, Inna."

Ta ci gaba da tsince wakenta kamar ba da ita nake ba. Na gaji na miƙe. Har na kai bakin zaure sai na ji ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Wancan ɗin, in za ka yi mashi magana, ka biyo ta gabanshi." Iyakar abin da na samu daga gare ta ke nan, kuma ya ishe ni.

A masussuka na tarar ana kan aiki. Yaya yana bakin inji, kansa naɗe da tsumma, igiyar iyafis ta saƙalo ta cikin riga. Leburori biyu suna zuba masa masara a kwando, mata suna gefe suna shiƙa. Shugabarsu wata tsohuwa ce Bamagujiya daga gidajen da ke ƙetaren gonarmu, Iya muke ce mata. Tun zamanin babanmu take mana shiƙa, ta goye ni, ta kuma dake ni, saboda haka babu abin da take jin nauyin faɗa mini. Ina tsaye sai bel ɗin inji ya fara wani irin kuka, har ni da ban san inji ba na ji. Ɗaya daga cikin leburorin ya ƙwala wa Yaya kira. Bai juyo ba. Ya sake. Iya ko tsayawa ba ta yi ba, ta sunkuya ta ɗauki totuwa ta jefe shi a gadon baya. Nan take ya waiwayo, ta nuna masa bel, ya kashe inji. Babu wanda ya yi dariya, babu wanda ya yi mamaki. A nan na gane sun daɗe suna haka.

Na ja Iya gefe. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Kai ɗan birni, mi ya same ka ka rame? Kunnen inji ne. Duk mai inji haka yake da kaka. A aje ƙarfen nan ya huta, kunne ya buɗe da kanshi."

"In bai buɗe ba fa, Iya?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Je ka ɗauki kwando."

Na so in yarda da ita. Amma ita ba ta san da zancen memori ba, ni kaɗai na sani, kuma ga na gaskiyar a aljihuna yana sukata kamar ƙaya.

Yaya ya yi murna da ganina. Ya cire iyafis, ya ce ga mai kwamfuta ya zo cin sabuwar masara bayan an gama wahala. Na lura idonsa yana kan bakina duk lokacin da nake magana, kuma yana ɗan karkato da kunnen dama. Na yi ta jira ya kashe mini ido, ko ya yi wani habaici da zai nuna ya tanadar mini tsiya. Bai yi ba.

Washegari aka ɗinke buhun ƙarshe. Bayan la'asar aka share wuri, aka kawo babbar sifika daga gidan maƙwabcinmu, ni aka ba ta kamar kullum, don ni ne mai sa memori. Jama'a ta taru fiye da yadda na so. Yaya ya yi wanka ya sa farar riga, ya zauna a kan buhun masara, ya jera totuwarsa biyar. Ya ajiye kwalin ashana a gefe.

Ta biyar ta wasu yara ce masu waƙar gambara ta zamani. Ya ce gangarsu gudu take kamar an biyo ta da sanda, ya wurgar. Samari suka yi ta ƙorafi. Ta huɗu ta wata mawaƙiya ce mai waƙoƙin biki, wadda a shekarar babu ɗaurin auren da ba a juya da ita ba. Ya ce kiɗanta duk ɗaya ne, in ka ji na farko ka ji na ƙarshe. Iya ta dire faifanta.

"Ƙarya kake, wallahi! Da waƙar yarinyar nan muka shiƙe rabin masarar garin nan. Ita ce ta huɗu? To waye ubanta a cikin sauran?"

Aka yi ta dariya, Yaya ma ya yi, amma sai da ya ga bakunan mutane sun buɗe tukuna. Ta uku ta wani mai kukan soyayya ce, wanda a kowace waƙa budurwa ta gudu ta bar shi. Ya ce kiɗan ya yi sanyi, ba ya jan aiki. Ta biyu ta wani dattijo ce mai waƙar manoma, wanda ya haɗa kalangu da fiyano. Ya ce kalangun ya fito, ya yi nauyi, kaɗan ya rage ya ci.

Ina zaune ina sauraro. A shekarun baya da baiti Yaya yake hukunci. Zai rero maka layi guda ya ce ka ji inda ya yi ƙarya, ko ka ji inda ya sato karin maganar tsofaffi bai iya ajiye ta ba. Yau ko baiti ɗaya bai ambata ba. Ganga, kalangu, gudu, sanyi. Sauran jama'a ba su lura ba, suna can suna gardama. Saura totuwa ɗaya a kan buhu, kuma na san ta wace ce.

Ya ɗaga ta sama. "Na ɗaya, na mutumina. Wannan babu hayaniya a cikinshi, kiɗa garau, kowane abu a wurinshi." Ya ɗan tsaya, ya dubi totuwar. "Muryar kau, kun san shi, ba sai na faɗa ba."

Aka yi sowa. Wani ya ce son kai ne, wani ya ce ya cancanta. Na zuba masa ido, ina jiran ya juyo gare ni ya ce amma ku tambayi wannan ɓarawon inda ya kai mai waƙar. Bai juyo don haka ba. Ya buɗe kwalin ashana, ya zaro memorin, ya miƙo mini yana murmushi. Zaton da na riƙe tun daga Funtua ya mutu a nan.

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ni na ce sai na ɓoye na yayana. Da na sa wannan memorin, kiɗa zai yi ta tafiya, mutane su yi ta jiran murya, su dubi juna, sa'an nan su dubi alƙalin da ya gama yabonta yanzu. Na durƙusa gaban sifika na ba jama'a baya. Na zura nasa a aljihun hagu, na zaro nawa daga na dama. Abin bai fi farce ba, sai da ya zame ya faɗa cikin ɓarɓashin masara. Na lalubo shi da ƙyar, na hure, na sa. Iya tana tsaye a kaina ta ce ko na sha wani abu ne.

Kiɗa ya taso. Yaya ya gyaɗa kai, ya san shi, kaka guda yana tare da shi. Sai murya ta shigo.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi haka ba. Kansa ya tsaya cak. Ya miƙe a hankali, ya tako har gaban sifika, ya sunkuya ya kara kunnen dama. Mutane sun ɗauka shauƙi ne, mata sun riga sun fara taka rawa. Ya damƙi wuyan hannuna har sai da na ji zafi, ya yi abin da yake zaton raɗa ce.

"Kai! Ina jin shi. Wallahi ina jin shi!"

Idonsa ya kawo ruwa. Ya sake ni ya shiga fili. Yaya da ko a bikinsa bai yi rawa ba, ga shi yana juyi da farar riga a tsakiyar matan shiƙa, Iya tana masa guɗa. Ni kuwa ina durƙushe gaban sifika. Na rufa masa asiri a gaban mutane, amma ban hango wannan ba. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Kafin magariba jama'a ta watse. Muka rage ni da shi, yana lulluɓe inji da tamfol, ina riƙe masa gefe ɗaya. Bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Bari in faɗa maka wani abu, kar ka kai ma Inna. Tun farkon kaka nike sauraren albam ɗin nan, ba ni jin komi sai kiɗa. Sauran ina ɗan tsinkayar muryoyinsu sama-sama, shi kau ko kaɗan. Na ce shi ke nan, tashi muryar ce ta fara tafiya, sauran za su biyo. Ban faɗa ma kowa ba. In na sa shi sai in yi ta rera abin da nike zaton zai ce." Ya yi dariya, ya ja tamfol. "Har na yi niyya in an gama casa in bi ka Funtua, ka raka ni wurin likitan kunne. Ashe hutu kawai yake so. Kashe inji da yini ɗaya, ka ga ya buɗe. Yanzu ba sai mun je ba."

Da bai faɗi jimlar ƙarshen nan ba, wataƙila da na yi shiru na bar shi da murnarsa ko ta kwana ɗaya ce. Na ji tsoro sosai a lokacin, tsoron in faɗa da tsoron in ƙi faɗa. Na saki tamfol, na zagayo ta gabansa kamar yadda Inna ta ce. Na zaro memorinsa daga aljihun hagu na ɗora a tafin hannuna.

"Yaya, wannan shi ne naka. Wanda na sa a sifika nawa ne."

Ya dubi memorin, ya dubi bakina. Na yi masa bayani a hankali, da ƙarfi, na foldar da na juya, da ɗan acaɓa, da kiɗa zalla. Na ce naka babu murya a ciki, tun daga shago babu. Na ce ba kunnenka ne ya buɗe yau ba, yau ce ranar farko da aka sa maka waƙar, kuma a sifikar da ake ji daga bakin rafi.

Na shirya wa mari. Ya karɓi memorin ya juya shi a yatsunsa.

"Kenan ba kunnena ba ne?"

"Wannan ɗin dai ba kunnenka ba ne."

Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya fara kama wannan maganar zai rataya a kanta, na ga alama, har ya buɗe baki zai ce to ai shi ke nan. Ina neman yadda zan kawo zancen bel da totuwar da ake jifansa da ita, sai ga ɗiyarsa ta fito daga hanyar gida a guje. 'Yar ƙarama ce, ba ta shiga makaranta ba tukuna. Ta tsaya a bayansa, tazarar da ba ta fi tsawon tabarma ba.

"Baba, Inna ta ce ku taho."

Bai motsa ba.

"Baba! Baba!"

Babu inji, babu sifika, babu iska. Ina jin kukan tumaki daga cikin gari. Yana kallona yana jiran in yi magana, ni kuma idona ya ƙi barin yarinyar. Sai ya bi idona ya waiwaya. Ta maimaita saƙonta da 'yar siririyar muryarta, har ta ƙara da cewa an yi mata sabon kitso. Ya sunkuya yana kallon bakinta, ya shafa kanta, ya ce, "To, to." Ta ɗan jira ko zai ƙara wani abu, da ta ga bai ƙara ba ta juya a guje.

Ya bi ta da kallo har ta shige. Bai dube ni ba ya ce, "Ita ma kai ka cire mata murya?"

Ya mayar da memorin cikin kwalin ashana, ya sunkuya ya kama igiyar tamfol, ya ɗaure ta a ƙafar inji, ya ja ya ƙara ƙulli. Da ya miƙe sai ya ce, "Motar farko za mu bi. In ka tashi da asuba ka shigo ka taɓa ni, kar ka tsaya kira daga bakin ƙofa."